Amsar Wasiƙa: Wane Amalanke Zan Saya?

Wani manomin albasa daga Maiyama yana tambaya, wane amalanken shanu zai saya don kai kaya kasuwannin Aliero da Jega?

To Malam, kada fenti ya ruɗe ka. Duƙa ka duba walda. Ɗaga taya ka girgiza. In tana rawa, boris ya mutu. Zaɓi tayar mota wadda ake samun irinta kusa. Gindinsa ya yi nesa da ƙasa, saboda lakar fadama da kwazazzabai. Kuma ka auna ƙarfin shanunka kafin girman bodi. In ya kife da buhu 10, albasa ta tafi, kai kuma sai wajen masu ɗorin Aliero.

Allah ya kiyaye, ya ba da kasuwa.