Gyambon da Ya Ƙi Warkewa: Inda Sankarar Fata Take Ɓuya a Ƙasarmu

  

Na daɗe ina jayayya da wasu abokan aikina a kan sankarar fata, kuma su kashi biyu ne. Na farko suna cewa cutar Turawa ce, baƙar fatarmu ta kare mu. Na biyu sun yarda akwai ta, amma duk abin da suke koyarwa daga littattafan Ingila da Ostareliya suka kwaso shi: a riƙa duba tawadar Allah a gadon baya, a rage kwanciya cikin rana. Dukansu sun bar majinyacinmu a baya. Rahotannin asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Maiduguri sun daɗe suna nuna cewa sankarar fatar da aka fi gani a Arewa a ƙafa take fitowa, kuma sau da yawa a kan tsohon gyambo ko tabon ƙuna. Wanda ke son ya gano ta da wuri, sai ya sunkuya ya dubi ƙafa.

Ku dubi aikin mutanenmu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, dubban magidanta a ƙananan hukumomin Mafara, Bakura da Maradun suna wuni cikin laka da ruwan shinkafa, damina da rani, mafi yawansu babu takalmi. Fartanya ta sari ƙwauri, kututture ya soki dunduniya, mikin ya sha ruwan fadama, gobe a koma. Ga yaran da ke faɗawa wuta wajen jin ɗumi da hunturu, ga masu farfaɗiya da ke ƙonewa a bakin murhu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya barin tabon da zai zauna shekaru.

A nan ne maganata take. Tun a 1828 wani likitan fiɗa na Faransa mai suna Marjolin ya bayyana gyambon da ke tasowa a kan tsohon tabo, shi ya sa har yau likitoci ke kiran sankarar da ke fitowa a irin wannan wuri da sunansa. Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne. Fatar tabo sirara ce, jini ba ya isar ta sosai. Ta tsage, ta rufe, ta sake tsagewa. Kowace rufewa sai ƙwayoyin fata sun hayayyafa, kuma cikin wannan hayayyafa ta shekara da shekaru wasu sukan lalace, su ci gaba da tsiro ba tsayawa. Sau da yawa sai tabo ya yi shekara ashirin ko talatin kafin ya rikiɗa. Wannan tsawon lokaci rahama ce, domin ba kowace sankara ce ke ba likita sarari irin wannan ba. Mu ne muke ɓarnatar da shi.

Alamomin kuwa, ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya koyonsu a wuni guda. Bakin gyambon ya yi tudu, ya yi tauri, ya nannaɗe waje. Nama ya tsiro a tsakiya, gwari-gwari. Da an taɓa sai jini. Wari ya sauya, ya yi ƙarfi. Kaluluwa ta fito a matsematsi, ta ƙi bajewa. Idan an ga ko ɗaya daga cikinsu, wanki da bandeji sun ƙare. Abin da ya rage shi ne a yi allurar kashe zafi, a ɗan yanki nama daga bakin gyambon, a sa a kwalba mai ruwan fomalin, a aika ɗakin gwaji.

Na taɓa karɓar wani manomi ɗan kimanin shekara hamsin, wanda ya ƙone a ƙwauri tun yana yaro. Tabon ya buɗe, ya shekara uku yana zuwa wanki, daga kemis zuwa wani ƙaramin asibiti, ana ba shi kafso yana shanyewa. Cikin waɗannan shekaru uku babu wanda ya ce a gwada naman. Ranar da ya iso gare ni cutar ta kai ƙashi, ba yadda za a yi sai yanke ƙafa. Da ya zo a shekarar farko, da an yanke gyambon tare da ɗan lafiyayyen nama kamar santimita biyu a kewaye, an ɗebo fata daga cinyarsa an dasa, ya koma gonarsa. Har yau abin yana ci mini rai, domin ba tsafi ne ya jinkirta shi ba. A hannun ma'aikatan lafiya ya yi jinkirin.

Za a ce mini yawancin gyambuna ba sankara ba ne, akwai na ciwon suga, na sikila, na kuturta. Haka ne. Amma ido ba ya rarrabewa, gwaji ke rarrabewa. Za a ce babu kuɗi. Kuɗin gwajin nama sau ɗaya bai kai na wankin shekara uku ba, balle na yanke ƙafa da zaman gida. Za a kawo maganar hanya, kuma duk mun san halin da ake ciki. Wannan ma hujjata ce: tunda tafiya ta yi wa majinyaci wuya, kwalba ta yi tafiyar a madadinsa.

Akwai kuma abin da jama'a suka riƙe, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, da an sa wuƙa ko allura sai ya fusata. Dalilin wannan zato shi ne mutane sun saba ganin an yi wa majinyaci aiki ya rasu, ba su san cewa cutar ta riga ta bazu tun kafin aikin ba. Malamai da sarakuna, ku taya mu warware wannan a masallaci da fada.

Bayan tsohon tabo, wuri na biyu da sankarar fata take ɓuya shi ne tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. A nan melanoma, wadda ke da saurin bazuwa, take fito wa baƙar fata. Baƙin tabo ne da ke faɗaɗa, bakinsa ba daidai ba, wani lokaci ya fashe. Mawaƙin Jamaika Bob Marley a yatsan ƙafa ta fara masa a 1977, ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36. Wannan ya isa amsa ga masu cewa cutar Turawa ce.

Na uku, 'yan'uwanmu zabiya. Su ne rana ke yi wa illa kai tsaye, a fuska, kunne, leɓe da wuya. Cutar takan fara da ɗan kaushi mai ɓawo wanda ake iya kawarwa cikin mintuna. A Tanzaniya, cibiyar horar da likitocin fata ta Moshi tana bin su gari-gari tun shekarun 1990, har tana haɗa musu man kariya daga rana a gida. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 13 ga Yuni, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man a jerin muhimman magunguna. Mu kuwa, malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu ma ba mu nace a kansu ba, ana tura yaro zabiya kiwo da tsakar rana.

Abin da nake nema huɗu ne, kuma na sha faɗarsu. Na ɗaya, ya zama doka a kowane asibiti a yankin nan: gyambon da ya yi wata uku ana kula da shi bai rufe ba, a gwada namansa. Na biyu, manyan asibitocin Mafara, Bakura da Maradun su ajiye fomalin, a kuma sa rana ɗaya a mako da za a kai kwalabe Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Allah Ya ajiye mu tsakanin biranen nan biyu, kuma a Sakkwato akwai sashen gashin sankara ga wanda cutarsa ta yi nisa. Na uku, a riƙa yi wa babbar ƙuna dashen fata tun tana sabuwa, kada a bar ta ta warke da mugun tabo. Na huɗu, a rubuta sunan kowane zabiya a kowace gunduma, a duba fatarsa duk wata shida, a ba shi malfa da mai kyauta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abokan aiki, ranar Talata mai zuwa masu gyambo za su shigo kasuwa, wasunsu za su biyo ta wurinku neman bandeji. Kada ku sallame su sai kun kwance tsumman, kun duba, kun tambayi shekarun mikin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.