Malaman Madabo da Labarin Bin Sawu

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a Gyaɗi-Gyaɗi)



An nemi in yi magana a kan karatun ƙagaggun labarai, sai na zaɓi nau'i guda wanda Turawa suka ƙware a kai, wato labarin bin sawu da ake ginawa a kan masanan zamanin da. A 1980 Umberto Eco, mutumin Italiya, ya fitar da The Name of the Rose, labarin kashe-kashe a kan wani ɓoyayyen littafi a gidan ibadar Kirista a shekarar 1327. A 1996 kuma Susanna Gregory ta Ingila ta fara jerin labaran wani likita malami a Jami'ar Cambridge ta 1348. Mai karatu yana bin sawun mai laifi, tarihi kuma yana shigarsa bai sani ba.

To, jama'a, mu fa? Tun kafin Bature ya san hanyar Kano muke da zaurukan ilimi. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Wangarawa sun zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Amma wani littafin, Asalin Wangarawa, da aka rubuta wajajen 1650, ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) suka iso. Tsakani akwai kimanin shekara ɗari! Wanne ne daidai? Shi kansa Tarihin Kano babu sunan mawallafi a jikinsa. A 1994 Farfesa John Hunwick ya bi sawu kamar ɗan sandan ciki, ya nuna cewa mai yiwuwa Ɗan Rimi Malam Barka ne ya tsara shi a zamanin Sarki Bello. Kun ga ashe tarihinmu ma da kansa kacici-kacici ne.

Ku ɗauki shekarun da Shehu Magili ya zauna a Kano, wajajen 1492, yana rubuta wa Rumfa nasiha kan mulki. Ga Madabo cike da almajirai, ga fatake suna sauke kaya a Kasuwar Kurmi, takarda kuwa sai ta ƙetaro Sahara. A ce an wayi gari littafi ɗaya tak ya ɓace daga gafakar wani malami. Wa zai gano ɓarawon? Almajirin da ya san hannun kowane mai kwafe, ya kuma san tawadar kowane zaure. Ga labari nan a kwance, mai ɗauka kawai yake jira.

Sai dai akwai sharaɗi. Marubuci ya ƙagi almajirinsa da ɓarawonsa, amma kada ya ɗora wa Zaite ko Magili maganar da ba su faɗa ba. Zuriyarsu na nan a Madabo da Sharifai, kuma mutuncin magabata amana ne.

'Ya'yanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun tashi a wajen ganuwa. Daga nan zuwa cikin gari tafiya ce kaɗan, amma da yawansu sun fi sanin sarakunan fina-finan ƙetare a kan Rumfa. Laifin namu ne, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ina ba ƙungiya shawara ta kai ɗaliban makarantarmu Gidan Makama da Madabo, sannan ta sa gasar rubuta irin wannan labari da Hausa. Kada mu manta, gasar 1933 ce ta ba mu Ganɗoki da Shaihu Umar.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara haɗa kanmu.