In Ma'aunin Kulorin Ya Nuna Sifiri



An nemi mu ɗaliban sashen kimiyyar sinadarai mu yi bayani a kan gwajin ruwan wurin ninkaya. Wani zai ce mene ne ruwanmu da wannan, alhali galibinmu a rafi muka koyi iyo? Amsa ita ce, da yawa daga cikinmu za su kama aiki a hukumar ruwa ko ma'aikatar lafiya, kuma gwajin da ake yi wa ruwan ninkaya na otal, shi ake yi wa ruwan famfon da jama'a ke sha.

Ga yadda yake. A ɗebi ruwa mililita 10 a 'yar kwalba, a jefa ƙwayar da ake kira DPD, wadda wani masani ɗan Ingila, A. T. Palin, ya fito da hanyar aiki da ita a 1957. In da kulorin, ruwan zai koma ruwan hoda, sai a gwada launin da na jikin ma'auni a karanta. Abin da ake so a wurin ninkaya shi ne miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ma'aikaci ya zuba magani da daddare, da safe ya gwada, ruwan kwalba ya tsaya fari tas. Sai ya ce ai babu kulorin, ya ƙaro bokiti guda. Ya sake gwadawa, sifiri dai. Ya sake ƙarowa. Alhali kuwa tun farko maganin yawa ya yi. Kulorin ɗan'uwan bilic ne, kuma kowa ya san abin da bilic ke yi wa rinanniyar riga. In ya haura kimanin miligiram 10 a lita, yakan soma cinye launin da shi da kansa ya jawo, har ya gusar da shi sarai. Watau kwalba fara tana iya nufin babu kome, tana kuma iya nufin an cika. Yaran da za su faɗa ruwan nan su ne za su fito da jajayen idanu da fata mai raɗaɗi.

Rarrabewa ba ta da wuya. A zuba wa kwalbar ido lokacin da ƙwayar ke narkewa. In an ga jan launi ya ɓullo gefenta nan take, sa'an nan ya ɓace, lalle kulorin ya yi yawa. Don a tabbatar, sai a ɗebi kashi 1 na ruwan, a haɗa da kashi 4 na tataccen ruwa, a sake gwaji, abin da aka samu a ninka shi sau 5. In ya nuna 3, ashe 15 ne ke ciki. Kada a sirka da ruwan famfo, domin shi ma yana iya zuwa da nasa kulorin.

Yawan kulorin ba ya tsayawa nan, har gwajin pH yakan ruɗa, watau gwajin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Jan ruwan da ake ɗigawa yakan rikiɗe ya zama shunayya, mai gwaji ya zaci kanwa ta yi yawa, ya dinga zuba asid ba dalili. Ɗigon tayosalfet kafin gwaji yana kashe kulorin ɗin kwalbar, karatu ya daidaita. Wannan gwaji ba na raini ba ne: a pH 7.5 kusan rabin kulorin ne ke cikin siffarsa mai ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta, a pH 8 kuwa bai fi kwata ba. Shi ya sa ake riƙe shi tsakanin 7.2 da 7.8.

Sai kuma zancen wari. Mutane kan shiga wuri su ji hanci na yaji, su ce an cika magani. Mu a ganinmu wannan ita ce kuskuren fahimta mafi yaɗuwa. Warin nan yawanci na kuloramin ne, abin da ke samuwa in kulorin ya haɗu da gumi da fitsarin masu iyo. Ƙwaya mai lamba 1 tana auna kulorin da bai haɗu da kome ba. In aka ƙara mai lamba 3 a kanta, sai a sami jimla. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne wanda ya gauraya da dauɗa, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. In ya yi yawa, ruwan ƙarin magani yake bukata da sabon ruwa, ba ragi ba.

Amma a kula da kwalbar. In ba a ɗauraye ta sosai bayan lamba 3 ba, ragowarta za ta sa gwaji na gaba ya nuna kulorin mai aiki fiye da wanda ke akwai. Haka nan in aka ajiye kwalba aka tafi hira, launin ƙaruwa yake yi. A karanta nan da nan. Ƙwaya kuwa kada a taɓa ta da yatsa, kuma wadda ta sha zafi ko damshi har ta canja kala, a yar da ita a buɗe sabuwa.