Guga a Rijiyar Wani: Gwanjon Wasannin Kwamfuta da Kuɗin da Samari Ke Haƙowa



Duk wanda aka haifa a ƙasar Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, yadda aka ce a zamanin Daurama mutanen gari ba su samun ɗiban ruwa sai ran Juma'a, ranar da macijin nan Sarki ya yarje musu. Rijiya ga ta a tsakiyar gari, guga na hannun mutane, amma izni yana wurin wani. Na fara da wannan labari ne domin abin da zan yi magana a kansa yau, watau cinikin wasannin kwamfuta da kuɗin kirifto da ake ce wa samari suna haƙowa, tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashinsa: shin rijiyar ta wane ne?

Mu fara da mallaka. Mutumin da ya kai sa kasuwar Mai'adua ran Lahadi ya san san nan nasa ne. In ya ga dama ya sayar, dillali ya karɓi la'adarsa, in ya ga dama ya koma da abinsa gida. Haka wasannin kwamfuta suke a da, sa'ad da ake sayar da su a faifai: yaro ya gama wasa, ya sayar wa abokinsa ko ya kai gwanjo. Amma tun da kamfanin Valve na Amurka ya buɗe kasuwarsa ta intanet mai suna Steam a shekarar 2003, sai ciniki ya sake kama. Mutum ya biya kuɗi, amma abin da ya samu izni ne kurum na yin wasan, ba shi da ikon sayar wa kowa. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe wasansa The Crew, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba su iya buɗe shi.

An kai wannan magana gaban alƙalai. A Faransa wata ƙungiyar kare masu saye ta yi ƙarar Valve, a 2019 kotun Paris ta ce mai saye yana da ikon sayarwa. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2022, sa'an nan kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da rushewar a 2024.

Ganin wannan giɓi ne ya sa a 2018 aka yi shelar wata kasuwa mai suna Robot Cache, wadda Brian Fargo, sanannen mai ƙera wasanni, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Tsarin da suka bayyana shi ne, in mutum ya sayar da wasan da ya gama, za a ba shi kashi 25 cikin 100 na kuɗin, kashi 70 ya koma wa masu wasan, kashi 5 na kasuwa. Har wa yau suka ce in mutum ya bar kwamfutarsa tana aikin haƙar kirifto, za a saka masa da wani lada da suka raɗa wa suna IRON, ya sayi wasanni da shi a cikin kasuwar tasu. To, jama'a, ku auna da kanku. Wane Bahaushe ne zai kai sansa kasuwa, a ba shi rubu'in kuɗin, a ce sauran na wanda ya sayar masa da maraƙin ne tun farko?

Sai mu juyo ga haƙa. Asalinta daga Bitcoin ne, wanda ya fito a 2009. Na'urori ne ke gasar warware wani lissafi mai wuya domin su tabbatar da rajistar ciniki, wadda ta riga sauran sai a ba ta sabon kuɗi. Aiki ne mai shan wutar lantarki ƙwarai, kuma an ƙayyade cewa Bitcoin ba zai wuce miliyan 21 ba. Masu wasa sun daɗe suna haƙar wani kuɗin, Ethereum, da kwamfutocinsu na gida, amma a watan Satumba na 2022 aka sauya tsarinsa, wannan ƙofa ta rufe.

Abin da ya iso ƙasarmu, wanda samari ke kira mainin, wani abu ne dabam. Pi Network ya fara a 2019, mutum ya danna waya sau ɗaya a yini, amma ba a buɗe kasuwarsa ga duniya ba sai a watan Fabrairu na 2025. A farkon 2024 Notcoin ya fito a kan Telegram, ya tara 'yan wasa wajen miliyan 35, kuma da aka fara cinikin kuɗinsa a watan Mayu, waɗansu sun sami abin da ya faranta musu rai. Wannan labari ne ya ruɗi jama'a. Da Hamster Kombat ya bayyana, masu shi suka ce 'yan wasansu sun kai miliyan 300. Kowa a nan ya ga abin da ya faru a majalisu, da teburan masu shayi, da rumfunan cajin waya: yatsa a kan gilashi, dare da rana. Ran 26 ga Satumba 2024 aka yi rabo, da yawa suka tarar wahalar watanni ba ta haifar musu da abin da ya wuce 'yan daloli ba. A gaskiya babu wani lissafi da wayar take warwarewa. Abin da ake saye a wurin yaron shi ne lokacinsa, da idonsa da yake kallon talla, da abokan da yake jawowa.

Me ya sa rabon ya ƙanƙance? Kakanninmu sun riga sun ga amsar. Sa'ad da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a kan dalar azurfa ɗaya. A cikin wannan ƙarni ne fataken Jamus suka yi ta jigilar wuri daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, jirgi bayan jirgi, har darajarsa ta zube, ladan ɗan dako ya riƙa cinye rabo mai yawa na abin da ya ɗauko. Yawa ne ya kashe shi. Kuɗin da mutum miliyan 100 suka samu kyauta, kowa yana jiran ranar sayarwa, wa zai saya? In kowa dillali ne, kasuwa ba ta ci.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Amma duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san shari'a ta hana cinikin garari, kuma malamanmu sun sharɗanta abin sayarwa ya zama sananne, ana kuma iya miƙa shi ga mai saye. Wannan ma'auni ya isa a gwada kowace sabuwar kasuwa da shi. Hukuma ma ta yi ta kai da komo: Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto a watan Fabrairu na 2021, ya ɗage hanin a Disamba 2023, sa'an nan dokar zuba jari ta 2025 ta sa irin waɗannan kadarori ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na la'anci fasaha. Ilmin da ke ƙarƙashin waɗannan abubuwa ilmi ne na gaske, kuma waɗanda suka ci riba tabbatacciya su ne waɗanda suka rubuta wasannin. Daura yau tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, tana da Jami'ar Sufuri. Sa'o'in da saurayi ya ɓatar yana danna waya wata shida, da ya zuba su a koyon rubuta manhaja, da ya fita da sana'ar da ba mai rufe masa ita da dare ɗaya.

Saboda haka ina roƙon ɗalibanmu, kafin ku zura guga a kowace rijiya, ku yi tambaya uku. Abin da na saya, nawa ne har in iya sayarwa? Ladan da aka yi mini alkawari, daga aljihun wa zai fito? Ranar da aka rufe bakin rijiyar, wurin wa zan kai ƙara? In ba ku sami amsa ba, ku riƙe gugarku, ku koyi ginin rijiya.

Allah ya sa mu dace.