SANAMAKI: SUNNA CE, AMMA DA ƘA'IDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta yau a kan sanamaki ce, wanda Larabawa ke kira sana, ɗan'uwan filaskon da muka sani. Ibnu Majah ya ruwaito hadisi da ke kwaɗaitar da yin magani da shi, kuma Shaihu Albani ya inganta shi. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 bayan Hijira) ya yi bayaninsa a cikin Zadul Ma'ad. Likitocin zamani ma sun tabbatar da amfaninsa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna.

To, mene ne aikinsa? Maganin bushewar ciki ne. Sinadarin da ke cikin ganyen ba ya tashi aiki sai ya isa babban hanji, a can yake motsa hanjin ya tura abin da ya taru. Shi ya sa ake shan sa da dare, bayan awa 8 zuwa 12 ciki ya saki.

Sai dai wasu sun ɗauka tun da hadisi ya ambace shi, a sha kullum, a sha da yawa, ba zai cutar ba. Wannan kuskure ne babba. Tirmizi ya kawo cewa Manzon Allah (SAW) ya nuna wa Asma'u bintu Umais zafin wani maganin wankin ciki mai suna shubrum, sai ta koma ga sanamaki. Ko da yake malamai sun yi magana a kan isnadinsa, ma'anarsa ta dace da ƙa'idar Shari'a ta kawar da cuta.

Saboda haka a kiyaye:

1. Kada a wuce mako ɗaya ana sha sai da izinin likita. Yawan shan sa na kawo gudawa da murɗawar ciki, yana zubar da ruwan jiki da sinadarin fotasiyam wanda zuciya ke bukata, kuma hanji na iya sabawa da shi.

2. Mai matsanancin ciwon ciki da amai, ko mai ganin jini a bayan gida, asibiti zai nufa. Idan hanji ne ya toshe, ko afendis ne, wankin ciki na iya halaka shi.

3. Mai juna biyu, da ƙananan yara, da mai shan maganin zuciya ko na ƙoda, su fara tambayar likita.

4. 'Yan'uwa mata masu shan sa don rage ƙiba su sani ruwa suke zubarwa, kitsen yana nan.

Ku kuma masu sayar da magani a ƙofar masallatai, ku ji tsoron Allah. Wanda ya ba mara lafiya ƙulli ba awo, ya jingina shi ga Sunna don ciniki, ya ci amana biyu: ta majinyaci da ta addini.

Magani sababi ne, Allah ne Mai warkarwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.