Kafin a Ɗora Alƙalami: Shirin Rubuta Ƙagaggen Labari

 

An nemi in yi magana a kan shirin da marubuci ke yi kafin ya fara rubuta labari mai tsawo. Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Yawancin littattafanmu da ke lalacewa a tsakiya, tun kafin a rubuta shafin farko suka ɗauko ciwon. Sai ka ga marubuci yana da baiwa, Hausarsa da zaƙi, amma ya tashi tafiya bai san inda zai sauka ba. Madugu kuwa ba ya ɗaga ayari sai ya san kowane zango da kowace rijiya da ke kan hanya, domin rayukan mutane ne a hannunsa. Marubuci ma lokacin mutane ne a hannunsa.

Mu waiwayi magabata. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar mana da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi. Ku ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ku dubi ƙirarsa. Ɗan ƙaramin littafi ne, amma ya ɗauki mai karatu daga Kagara, ya ratsa da shi hamada zuwa ƙasar Larabawa, ya bi uwar Umar har Murzuk da Tarabulus tana nemansa, sannan ya dawo da Umar ya zaunar da shi a Rauta yana karantarwa. Tun a shafin farko mun ga dattijon malami a cikin almajiransa, an tambaye shi asalinsa. Wato marubucin ya san ƙarshen labarinsa, har ma da ƙarshen ya buɗe. Ya yanke wanda zai ba da labarin da bakinsa, ya san hanyoyin fatake da yadda cinikin bayi ya gudana. Shi ya sa babu shafin da za ka cire ba ka ji giɓi ba.

Haka Abubakar Imam. Da aka kai shi Zariya a 1936 don aikin Magana Jari Ce, sai da ya karanta labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya tace, ya zaɓa. Ya kuma gina musu gida guda: aku mai hikima da ke riƙe ɗan sarki da hira don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Ba don wannan tsarin ba, da tarin tatsuniyoyi kawai za mu gada.

To, me ya kamata marubuci ya sani kafin ya fara? Na farko, ƙarshe. Ba dole ya san kalmomin shafin ƙarshe ba, amma ya san halin da zai bar tauraruwarsa a ciki, da abin da ta rasa kafin ta kai nan. Ga gwajin da nake ba ɗalibai: faɗa mini labarinka cikin jimla uku. Wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya, yaya aka ƙare? In ka kasa, ba ka da labari tukuna, sha'awar labari kake da ita. Wanda bai san ƙarshe ba, shi ne za ka ga a littafi na uku ya kawo haɗarin mota ya kashe kishiya, ko ya fito da wani attajirin kawu daga Saudiyya ya warware komai. Mai karatu ba yaro ba ne. Yana gane lokacin da marubuci ya rasa mafita.

Sai mutanen cikin labarin, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mun ƙware wajen siffanta jiki: dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Amma tambayi marubucin, yarinyar nan wa ya raine ta, me take tsoro, wace ƙarya take yi wa kanta, nawa ne kuɗin cefanen gidansu, sai ya yi shiru. Ina ba ku shawara ku buɗe wa kowane babban tauraro shafi biyu a littafin ajiya. Ku rubuta shekarar haihuwarsa, da unguwarsu, da karatunsa na allo da na boko, da irin Hausar bakinsa, domin Basakkwace da Bakano ba sa magana iri ɗaya, haka tsohuwa da jikarta. Rabin abin da kuka rubuta ba zai shiga littafin ba, amma shi zai hana tauraron yin abin da ba halinsa ba ne. Mugu ma ku ba shi dalilinsa. Abin da ya sa Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya zauna a zukatan mutane shi ne, duk wanda ya karanta ya san gida irin wannan a unguwarsu, ya san magidancin, ya san matar da aka wulakanta.

Daga nan bincike. Wannan shi ne aikin da muka fi gudu, alhali shi ya fi sauƙi, ƙafa da kunne kawai yake nema. In labarinki zai shiga kotu, je ki zauna a kotun shari'a ki ji yadda alƙali ke tambaya da yadda mai ƙara ke amsawa. In za a raba gado, ki tabbata matar mamaci tumuni take samu in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. In miji ya rasu, takaba wata huɗu da kwana goma ce, sai mai ciki da ke jiran haihuwa. Kuskure a irin waɗannan wurare yana da nauyi, domin akwai yarinyar da daga littafinki za ta fara jin hukuncin. Haka zamani. Naira ta fara aiki a 1973, saboda haka labarin da ya faru kafin nan da fam da sule ake ciniki. Wayar salula ta shigo hannun jama'a a Nijeriya a 2001. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013. Ku zana jadawalin shekaru, ku liƙa a bango, kada yaron da aka haifa a babi na biyu ya kammala jami'a uwarsa tana nan da shekara talatin.

Na san wani zai ce tsari yana kashe ilhama. Ban yarda ba. Jerin babi-babi da ka tsara ba wahayi ba ne, kana iya rushe shi in labarin ya nuna maka hanyar da ta fi. Amma wanda ya san hanya shi ke iya ratsewa ya dawo.

Ban manta da halin da ake ciki ba. Tun zamanin da aka riƙa raba littafi gida uku ko huɗu a kasuwar Kano don a samu kuɗin buga na gaba, har zuwa yau da marubuciya ke sakin shafi kullum a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu na binta da kiran a ƙara, matsin kasuwa ne ke tura mu fara sayar da abin da ba mu gama tunaninsa ba. Ba na zargin kowa da neman halaliyarsa. Amma in masu sharhi a waya ne za su zaɓa miki wanda tauraruwa za ta aura, labarin ya fita daga hannunki. Ko da kullum za ki saki shafi, ki riga ki san ƙarshen, ki kuma tara babi goma a ajiye kafin ki saki na farko.

Abu na ƙarshe, karatu. Ku nemi So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Ku karanta sau ɗaya don daɗi, ku sake karantawa da fensir a hannu, kuna lura da inda kowane babi ya tsaya da dalilin tsayawarsa a nan. Ku kuma koyi ƙa'idojin rubutun Hausa kafin ku fara, ba bayan an buga ba.

Roƙona ga duk wanda ke da labari a ransa a ɗakin nan: ka ba shi wata uku na shiri kafin ka rubuta babi na ɗaya. Ka yi tambaya, ka je ka gani, ka rubuta jimlolin nan uku, ka karanta wa wanda ba zai ji kunyar gaya maka gaskiya ba.