Sarkin Sudan Ibrahim a Bakin Jama'a

A Kumbashi da sauran ƙasar Kwantagora, idan aka ambaci Sarkin Sudan Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, wanda ya hau karaga a 1880, sai baki ya rabu: zuriyar Kamuku da Gwari, waɗanda mayaƙansa suka ƙone wa garuruwa suka kwashi bayi, zaluncinsa suke tunawa, kuma hujjarsu ba ta da rauni, alhali fadawa nasabarsa ta Shehu Mujaddadi da jaruntakarsa suke yabo. Nasara, da suka ci Kwantagora a 1901 suka kawar da shi daga mulki, su suka fi rubuta aibinsa, kamar yadda maƙiyan Sarki Nero na Rum suka rubuta nasa. Amma su ɗin ne suka maido shi kan mulki a 1903, ya zauna har wafatinsa a 1929.